Kiran Inna

Inna ba ta wasa da zancen waya. In ta kira autanta, direban motar raba burodi, ya kuskura ya bari ta katse, to ranar ya shiga uku.

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni?" haka take ce masa. "Duk abin da kake yi, in na kira ka ɗauka."

Shi kuwa bawan Allah, ga gemu ga 'ya'ya biyu, bai taɓa musa mata ba.

Ranar wata Talata da hantsi ta kira, ya ɗauka. Ta ji ya ce, "Na'am, Inna," sai ƙarar birki, sai salatin mutane. Wata mai sharar titi ya banke tana duƙe da tsintsiyarta. Ko asibiti ba ta kai ba.

Lauya bai ɓoye wa Inna komai ba. Ya ce da bara ne da sauƙi, amma bana an tsananta dokar: duk wanda ya kashe rai da waya a kunne, shekara goma ce. A barandar kotu ƙanwar mamaciyar tana kuka tana cewa goman ma ta yi kaɗan. Inna ba ta ga laifinta ba ko kaɗan.

Da aka yanke hukunci, Inna ta dafa benci ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni na kira shi. Ni za ku ɗaure."

"Mama, zauna," in ji alƙali a hankali. "Doka ba ta san mai kira ba, mai sitiyari ta sani."

Bayan mako biyu ta je gidan yari. Aka fito da Auta, ya rame, an aske masa kai ƙwal. Ya durƙusa ya gaishe ta ta bayan ragar ƙarfe, ya tambayi ciwon ƙafarta, ya tambayi yara. Har gandiroba ya fara duba agogo, sannan ya ce:

"Inna, abin yana ta damuna. Ranar nan lafiya kika kira? Ban ji me kika ce ba."

Ta so ta yi masa ƙarya, ta ce jiri ne ya kwashe ta, amma bakinta ya ƙi.

"Rimot ɗin talabijin nake nema," ta ce.

Ya gyaɗa kai. "To, kin gan shi?"

"Ashe a kansa nake zaune."