Kunun da Aka Zuƙo daga Cikin Madu

Wata biyar ke nan Madu masunci yana ramewa. Kifin da yake bandarwa da hannunsa ma ya daina shiga masa, loma uku sai amai. Yayansa Abbagana, wanda bai taɓa rasa wanda zai ɗora wa laifi ba, ya gama yanke hukunci tun a Gashua: Gumsu matar Madu ce ta zuba masa sammu a tuwo. Abin takaici, Madu bai musa ba. Ya dai daina cin girkinta.

Da kakar 1952 suka hau motar gyaɗa zuwa asibitin Nguru, Gumsu a can baya kan buhuna, ba mai yi mata magana.

Malam Ya'u, malamin asibiti, ya ba Madu kunu tsararo ya sha, sannan ya zura masa siririyar roba ta hanci har ciki. Madu yana kakari, idanu jajir. Bayan ɗan lokaci aka zuƙo kunun, aka tsiyaya a kwalba.

"Malam, in akwai abin a ciki zai nuna?" in ji Abbagana.

"Zai nuna abin da ke akwai."

Abbagana ya juya ga Gumsu. "To ki tsaya nan ki gani. In ya nuna, ba za ki koma gidan ƙanena ba."

Gumsu ta matso kusa da kwalbar. Ta san ba ta yi ba, amma tsoro bai san wannan ba. Ya'u ya ɗiga wani magani a kwalbar, ya girgiza, ya ɗaga ta wajen taga. Launin bai sauya ba. Ya sake ɗigawa. Shiru.

"Alhamdulillahi," in ji Gumsu, har da ajiyar zuciya.

Ya'u bai ɗago ba. Ya danna ƙasan ƙirjin Madu ya daɗe, ya ce cikin mai lafiya yana da ruwa mai tsami da ke narkar da abinci, da akwai shi da kwalbar ta yi ja. Na Madu ya ƙafe, ga kuma ƙullutu nan ƙarƙashin yatsunsa. Daga naman tumbin kansa ya tsiro, ba wanda ya zuba masa komai.

Abbagana ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Gumsu."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Malam, ana cire shi?" ta tambayi Ya'u.

Ya'u ya girgiza kai. "Ya yi nisa."

Ta durƙusa a bakin gadon, ta riƙe ƙafar mijinta, sanyi ƙalau.

"Da ma sammun ne, Yaya," ta ce. "Shi ai yana da makari."