Rijiyar Tsakar Gida

Wata takwas babu ɗigon ruwan sama, har ƙasa ta tsattsage kamar dunduniyar manomi. Sai ga ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Kwatoci suka cika, masai suka yi ambaliya, amai da gudawa ya shigo unguwa.

Wani mahaƙin rijiya a unguwar kuwa ko a jikinsa. Shekara talatin yana wannan sana'a, da ido da harshe yake gane ruwa. Ya zura guga a rijiyar tsakar gidansa, ya ɗaga kofi saitin rana, ya kurɓa.

"Garau!" in ji shi.

"Maigida, ma'aikaciyar lafiya fa ta ce a riƙa jefa ƙwayar nan a ruwan sha," matarsa ta faɗa daga tabarma, inda ciwon gwiwa ya zaunar da ita.

"Ita ta haƙa ta? Gaba goma sha biyu na nutsa da hannuna. Sai mu sha ruwa mai warin wanki saboda yarinyar da ba ta taɓa riƙe diga ba?"

"To, sarkin gardama. Miƙo kofin."

Kwana biyu tsakani, da hantsi, ya dawo ya tarar da ita a ƙofar banɗaki, idanu sun zurma, murya ta dishe. Mota ba ta shiga layinsu saboda taɓo. A baron da yake kwasar ƙasa ya ɗora ta, ya tura da gudu, takalminsa ɗaya ya maƙale bai waiwaya ba.

An kafa rumfa a harabar asibiti, gadaje jere, kowanne da bokiti a ƙarƙashi. Ma'aikaciyar nan ce ta tarbe su. Da ƙyar ta samu jijiya ta sa mata ruwa.

"Mama, wane ruwa kika sha? Mutum tara aka kawo daga layinku, muna neman inda ciwon yake fitowa."

Matar ta dubi mijinta, ta kau da kai.

"A famfon kasuwa na sha, 'yata."

Rabonta da kasuwa tun kafin gwiwar ta tashi. Rufa masa asiri take yi. Ga shi duk layin daga gidansa suke ɗiba, shi ya ce musu ruwan lafiya lau.

"Ba haka ba ne," ya ce. "Rijiyata ce. Amma wallahi fes ruwan yake."

"Baba, wannan ciwon ba ya gurɓata launi. Fari ya tsaga ƙasa, ruwan sama ya bi tsagar ya kwaso na masai. Taku nawa ne tsakanin rijiyar da masai?"

"Goma."

"Je ka hana ɗiba. Yanzu!"

Ya tsaya riƙe da hannun matarsa mai sanyi.

"Tafi mana," ta raɗa. "Ina zan je da gwiwar nan?"

Ya tarar da mata huɗu da jarkoki a tsakar gida. Ya zubar da ruwansu, ya yanke igiyar guga, ya jawo faifan siminti ya rufe bakin rijiyar. Ya bi gida gida yana faɗa musu kada su sha ruwan, wasu na zaginsa.

Rana ta karkata ya koma rumfar. An wanke gadonta, an kwantar da wani tsoho a kai. Ma'aikaciyar ta taso, ɗankwalin matarsa a ninke a hannunta, ta ce masa sai haƙuri.

"Ta tambaye ni?" ya ce.

"Sau biyu, Baba."