Harsashin Wanas

Ranar da sabuwar bindigar ta iso garinmu, mijina kawai nake tunani. An harbe ƙanenmu Wanas a kan rigimar ruwan gonakin shinkafa da mutanen ƙetaren kogi, kuma a wurinmu kowane namiji na can ya isa fansa. Mijina Addamo ɗan can ne, kowa kuma ya san hanyar da yake bi zuwa gona.

Dangi ne suka haɗa hannu suka sayo bindigar, suka damƙa wa yayana Dangiwan, don fansa aikin babban wa ne, ba mai ɗaukar masa. Da hantsi Kawu Sagmayao ya tara maza a gindin rumbu, ya yanka kaza, ya shafa jinin a gindin bindigar. Ya maimaita abin da kowa ya sani, wai harsashin farko na mamaci ne. In ya faɗa ƙasa a banza, bindigar ta makance, ba ta ƙara biyan jini. Ina bayan turmi ina jinsa, ji nake kamar in ƙwala masa taɓarya.

Dangiwan tsohon soja ne, kuma kafin ka ji maganarsa sai ka gaji. Ya shimfiɗa tabarma, ya naɗa tsumma a siririn ƙarfe, ya zura a bututun ta baya. Tsumman ya fito damƙam da maiƙon kamfani. Ya sake wani, ya kuma sakewa. Daga nan ya sa harsashi, ya kwanta rub da ciki, ya auna gangaren jar ƙasar da ke bayan rumbu, ya ja kunama.

Kaji suka watse. Kawu ya kusa haɗiye moman da yake tauna, wato goronmu mai sa yawu ya yi ja.

"Kai, ɗan banza! Me ka yi?"

"Horar da ita nake, Kawu. Sabon bututu da kaushi yake zuwa. A harba ɗaya, a goge, a sake, har cikinsa ya yi santsi."

"Ɓauna ce da za ka hore ta? Harsashin ƙanenka ka ba ƙasa!"

Dangiwan ya zare kwanson harsashin. Ya ɗiga mai, ya zura ƙarfen, tsumman ya fito da kore-koren tagulla. Ya jira bututun ya huce, ya sake harbawa a gurbin ɗazu. Maza suka shiga yi masa tsiya.

"Soja, tsutsa nawa ka kashe?"

"Ku ara masa zanin Ganayo mana, ya fi dacewa da shi!"

Ni ce Ganayo, kuma wallahi da ya miƙo hannu da na kwance na ba shi. Shi dai harbi, guga, jira. Rana ta take, kwanso ya taru a gefen tabarma, kwalin harsashi yana ta ramewa. Nan dariya ta ɗauke, don kowa ya gane inda aka dosa.

Da ya rage saura ɗaya, Kawu ya durƙusa ya riƙe masa hannu. Har na so in ji tausayinsa.

"Ɗana, bar wannan. Mu nemi wata bindigar mu sa mata. Wanas yana kallonka."

"Ya kalla. Ni na tsamo shi daga cikin ruwa, Kawu, ba kai ba. Na san nauyin gawa. Ba zan ajiye wa ƙanwata irinta a ƙofar ɗaki ba."

Ya zare hannunsa, ya harba. Sannan ya goge bututun tas, ya ɗaga shi sama ya leƙa, ya ce, "Yanzu ta yi."

Kawu ya tofar da jan yawu a kan tabarmar, ya rantse ba ɗan dangin da zai ƙara taka gonar Dangiwan. Bai yi ƙarya ba. Da girbi ya zo mu uku muka shiga, ni da Dangiwan da Addamo, ruwa ya tarar da mu, rabin shinkafar ta ruɓe a tsaye. Mun ci rogo a shekarar har ya fita ranmu, ban kuwa taɓa jin yayana ya yi tsaki ba.

Har yau Kawu ba ya amsa gaisuwarsa. Shi kuwa kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar tsohon ya gaishe shi, da ƙarfi, yadda duk gari zai ji.