Babbar Lasifikar Alƙasum

Ranar da Alƙasum ya fara gwada babbar lasifikar a tsakar gidansa, kwanukan matarsa Zalika suka yi ta karkarwa har ɗaya ya faɗo. Alhaji Ciɗo, jagoran wata jam'iyya a unguwarsu da ke garin Tawa, ya dafe ƙirji yana dariya. Irin ƙarar da yake nema ke nan, wadda mutum zai ji a haƙarƙarinsa.

Alƙasum mai gyaran rediyo ne, da kunnensa yake ciyar da gidansa. Ya yi wa Alhaji bayani cewa ƙaramar lasifika ce ke fitar da magana tsaf. Babbar kuwa, mai faɗin faifai, iska take turawa da yawa, sai rugugi kamar hadari. In ana son talakawa su fahimci jawabi, ƙanana sun isa.

"Wa ya ce maka jawabi sunka zo ji?" in ji Alhaji. "'Yan hamayya sun sawo tasu Sakkwato. In tamu ta kasa tasu, cewa za a yi ba mu da mutane."

Shekarar zaɓen farko na jam'iyyu da yawa ce, kowa ya samu bakin magana, babu mai saurare.

* * *

Aka ɗaure akwatunan lasifikokin a bayan mota, aka nufi Bambeye da Affala da ƙauyukan kan dutse. Babbar lasifika tana da hali: in aka matsa mata, fatarta na ɗan ƙara kafin ta yage, kuma sai kunnen gwani ke kama wannan ƙarar. Saboda haka Alƙasum ya zauna jingine da ita, hannunsa a kan maɓallin amfuli, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Zalika ta ba shi auduga ya toshe kunne, ya cire tun kafin su bar gari. Da auduga ba ya jin kukan fatar, kuma in ta yage gaban jama'a, sunansa ne ya yage.

Fatar ba ta yage ba har aka gama yawon.

Ya dawo da wani siririn fito a cikin kansa. Ya ce gajiya ce. Zalika ce ta fara ganewa, ran da ta yi sallama a bayansa har sau uku bai juyo ba, kuma aka kira la'asar yana zaune yana goge sukurudireba.

"Malam, mu tai asibiti," ta ce, bakinta dab da kunnensa.

Likita ya leƙa, ya ce abin da ya mutu a ciki ba ya tashi. Jam'iyya ta ci kujerunta. Alhaji ya koma Yamai, ya aiko da gaisuwa da hula mai tambarin jam'iyya.

Masu kawo gyara suka ragu. Alƙasum yakan mayar wa mutum rediyonsa tana shuu, yana murmushi, yana cewa ta gyaru. Saboda kunya sukan karɓa su yi godiya, su wuce wurin wani. Ya koyi gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa, don kada a gane yawan abin da ke wuce shi.

* * *

Wata Asabar cikin azumi, bayan shekara uku, maƙwabta suka cika rumfarsa, domin rediyonsa ce mai kama Yamai sosai. Ya ga fuskoki sun canza. Wani tsoho ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Mi anka ce?" ya tambaya, da muryar da ta fi ƙarfin rumfar.

Dodo tela ya sunkuyo ya gaya masa soji sun karɓe mulki, an rushe jam'iyyu duka. Alƙasum ya bi leɓensa da ido har ya gama. Sai ya gyaɗa kai, ya yi murmushi.

"To, madalla," ya ce. "Allah shi sa albarka."

Babu wanda ya gyara masa. Zalika, da ta leƙo daga zaure, ta ja mayafinta ta koma ciki.