Matajin Baba

Wata huɗu bayan ciwon da ya kama ɓarin jikin Baba, ƙafarsa ta dawo, bakinsa ya miƙe, amma hannun hagu ya ƙi. Yana ɗaguwa, sai dai ba ya riƙo. Ni ce 'yarsa ta biyu, ma'aikaciyar jinya ce, don haka ni na gaya wa Yaya, babban wanmu, cewa kada a bar Baba ya sake kusantar injin zarto. Ban yi tsammanin a ranar Yaya zai je shagon ba. Ya kwance bel ɗin injin, ya jefa a bayan motarsa, ya tafi.

Da safe Baba ya shiga shago ya kunna. Injin ya yi ta kuka, faifan zarton ko motsi. Ya leƙa ƙasa, ya miƙe, ya dawo cikin gida inda nake awon jinin Inna.

"Wa ya taɓa mini inji?"

"Baba, don lafiyarka ne."

"Na ce wa?"

"Yaya ne. Amma ni na ba da shawara."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Shekara arba'in da ɗaya ina gaban faifan nan, yatsuna goma cif. Ke da kika suma ranar da kika fara ganin jini, yau ke ce mai koya mini tsoro?"

Inna ta ƙyalƙyale da dariya har awon ya lalace.

Aikin da ke gabansa na telan da ke maƙwabtaka da shagon ne, ragar katako da za ta raba wurin ɗinki da wurin gwada kaya. Tana buƙatar siraran katako sama da ɗari biyu, kowanne kaurinsa bai kai ƙaramin yatsa ba. Ba yankan da ya fi wannan haɗari. Akwai dogon ƙarfe a kan teburin injin da ake jingina katako a jikinsa, kuma idan abin da za a fitar siriri ne, tsakanin ƙarfen da haƙoran zarto ko yatsa biyu ba sa shiga. Hannun dama ke turawa, na hagu ke danne katakon a jikin ƙarfen. Baba kuwa ba shi da na hagun.

Kwana tara yana shiga shago yana rufo ƙofa. Daga waje sai ƙarar zarton hannu da bugun guduma. Na ɗauka huce haushi yake yi. Ashe ya aika wa mai injin markaɗe na bakin titi, abokin hirarsa, ya ba shi tsohon bel.

Rana ta goma na dawo daga aiki da la'asar, na ji injin yana gurnani. Ban kai ƙofar ba na ji tas! Gilashin tagar shagon ya tarwatse, wani siririn katako ya faɗo a gabana kamar an harbo shi. Na banke ƙofar. Baba na tsaye a gefen injin, dusar katako har gira.

"Nuna mini hannunka!"

Ya nuna. Ba ko ƙwarzane.

"Allon turawar da na yi ba dunduniya," ya ce, idonsa na kan teburin. "Na bar siririn ba abin da ke tura shi, faifai ya cafke shi ya wurgo. Laifina ne, ba na inji ba."

"Da a cikinka ya sauka fa?"

"Shi ya sa ba a tsayawa a bayan faifai. Matsa, kina tare mini haske."

Na kira Yaya a waya. Bai yi dogon zance ba, ya ce ranar Asabar zai zo da mai saye.

Ya zo kuwa, da wani dillalin injuna mai tumbi, da ƙaramar motar ɗaukar kaya. Baba ya riga su shiga shagon, ya sa tsohuwar rigar aikinsa. Telan ma ya bar kekensa ya tsaya a bakin ƙofa da tef a wuya.

"Baba, ba raini ba ne," in ji Yaya. "Injin nan zai tafi. Ba za mu jira sai an kawo ka wurin wannan a jiƙe da jini ba." Ya nuna ni.

"Kai, ɗan nan, a gaban injin nan aka samo wandon da ka fara zuwa makaranta da shi. Ina raye kake kawo mini dillali gida? Ka tsaya ka gani, sannan ka yi magana."

Ya ɗauko abubuwan da ya yi. Na farko wani katako ne da ya tsattsaga bakinsa da zarton hannu, tsaga ashirin da wani abu, ya zama kamar mataji. Ya ɗaure shi a teburin da noti biyu, haƙoransa suna danne katakon da za a yanka.

"Wannan aikin hagu yake yi. Ba ya gajiya, kuma in an yanke shi ba ya zubar da jini."

Na biyu faffaɗan allo ne mai mariƙi a sama, irin na dutsen guga, wanda ya sassaƙa daidai tafin damansa. Gefe ɗaya na allon yana bin ƙarfen, a ɗaya gefen ake jingina katakon. A ƙarshensa ya manna ɗan guntun katako da ya fito waje, dunduniyar da ya ce babu. Mariƙin ya yi nesa da faifai da fiye da taƙi guda.

Ya cusa hannun hagu a aljihu, ya kunna. Na rufe ido, na buɗe. Allon ya tafi sumul, dunduniyar ta raka siririn har ya wuce faifan ya kwanta a bayan tebur. Ya dawo da allon, ya matso da matajin, ya sake. Na ƙirga goma sha biyu. Ya kashe injin, ya jira faifan ya tsaya cak, ya tattara su ya miƙa wa telan.

"Auna."

Telan ya auna uku. "Duk ɗaya ne, maigida."

Dillalin ya sunkuya yana shafa matajin. "Dattijo, wannan nake so. Za ka yi mini irinsa?"

"Ba ka zo da sallamar kirki ba. Fita."

Ya fita yana dariya. Yaya bai yi dariya ba.

"Idan jiri ya ɗebe ka fa, inji na tafiya?"

Baba ya dubi makunnin injin. Na san tambayar ta shige shi, don sau biyu ya yi jiri a watan nan.

"Kai ne mai ilimin lantarki," ya ce daga baya. "Sauko mini da makunnin nan daidai gwiwa, mai faɗi, in na jingina ya mutu. In za ka taimaka, ga aiki. In ɗaukewa ka zo yi, sai dai ka haɗa da ni a motar."

Yaya ya juya ya tafi ba sallama. Sati biyu bai taka gidan ba, Inna na ta mita. Wata safiya ina shirin fita na ga motarsa a ƙofar shago. Yana durƙushe a gindin injin da wayar lantarki a baki, Baba na tsaye a kansa yana cewa makunnin ya yi ƙasa da yawa. Ba wanda ya ba wani haƙuri.

Na gindaya nawa sharaɗin, awa biyu da safe, bayan ya sha magani. Ya ce ya ji. Uku yake yi, wani lokaci huɗu. Ragar telan ta ɗauke shi wata guda da rabi, aikin da a da sati ɗaya ya ishe shi, kuma kusurwar sama ta ɗan karkace. Telan ya ce a bar ta haka. Baba ya ce ba da sunansa ba, ya sa aka sauko da ita.