Jinin da Likita Ke Jira

Sharaɗi ɗaya Dokta Baptiste ta gindaya, kuma a gaban uwa da 'ya ta faɗe shi don kada wata ta ce ba ta ji ba: Annika ba za ta sake komawa wasan zamiya a kan ƙanƙara ba sai al'adarta ta dawo. Shekarar yarinyar sha shida, rabonta da ganin jini tun tana sha huɗu. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙashin ƙugunta ya yi sanyi kamar na tsohuwa, ga kuma tsaga a ƙashin ƙafa. Likitar ta ce jiki ne ya ga yunwa ta yi yawa, sai ya rufe duk abin da ba dole ba, kuma babu wani magani a kanti da ya wuce abinci da hutu.

Lorna Heikkinen ta ɗauki maganar da hannu biyu. Ita mai dafa abinci ce a gidan tsofaffi, ta saba da mutanen da ke ture faranti. A ranar ta fitar da sikelin banɗaki ta jefa a shara, ta kwance makullin ƙofar banɗakin, ta roƙi a mayar da ita aikin asuba don ta riƙa zama da 'yarta kan kowane cin abinci. Dankali da man shanu, miyar kifi da madara, fanke sirara irin na kakanninsu. Annika ta yi kuka a kan faranti, ta ɓoye cuku a hannun riga, ta ciyar da kare a ƙarƙashin tebur har Lorna ta koma kulle karen a waje. Wata rana ta ce wa uwar tana so ne ta mayar da ita buhu irinta. Lorna ta share teburin, ta ƙara mata madara.

Da a ce zamiyar mutum ɗaya Annika ke yi, da jira bai yi ciwo haka ba. Ta mutum biyu take yi, wadda namiji ke ɗaga mace sama da kansa, ya juya ta, ya wurga ta ta sauka a ƙafa ɗaya. A garinsu Thunder Bay kuwa 'yan matan da ke son a ɗaga su sun fi ƙarfin lissafi, samarin da za su ɗaga ba su cika yatsun hannu ba. Tun suna yara Annika ke tare da Corbin Pruett. Sati biyu da daina zuwanta, kocinsu Madam Renaud ta ba shi aron wata yarinya mai suna Piper, 'yar shekara sha uku, wai don kada hannunsa ya yi sanyi. Kowa ya san da shigowar sanyi ake tura sunayen masu shiga gasa, kuma wadda aka rubuta kusa da sunan Corbin ita ce tasa.

A babban kanti suka haɗu da Darlene, uwar Corbin, wajen ƙarshen bazara. Ta tsaya da keken sayayyarta ta ƙare wa Annika kallo daga kai har ƙafa.

“Ke ce, 'yar nan? Wallahi ban gane ki ba. Kin cika, kin yi kumatu.”

Sannan ta leƙa keken Lorna, ta ga man gyaɗa da kirim da burodi, ta yi 'yar dariya. Ta ce tana yi wa Annika fatan lafiya ƙwarai, amma dai a tuna kafaɗar ɗanta biyu ce kacal, kuma ba a sayar da wata a kanti. Ta ƙara da cewa Piper kam kamar tsuntsu take, Corbin ya ce wani lokaci mantawa yake yi yana riƙe da mutum.

Ranar Annika ba ta taɓa abincin dare ba. Lorna ta zauna gabanta har miyar ta daskare, ta ɗumama, ta sake ajiyewa.

Ganyen itatuwa sun fara ja lokacin da Annika ta shigo kicin wata safiya riƙe da zanen gado, kanta a ƙasa. Akwai tabon jini a tsakiyarsa. Lorna ta ajiye cokali, ta zauna a ƙasa dirshan tana kuka. Ta rungume yarinyar, ta cika mata robar ruwan zafi ta ɗora a mara, ta fita da kanta ta sayo audugar mata har kala biyu. Ta kira asibiti. Dokta Baptiste ta so a jira a ɗebi jini a auna tukuna, amma babu gurbin ganinta sai wani watan, kuma lokacin tura sunaye ya matso. Lorna ce da bakinta ta roƙa. Ta ce yarinyar ta yi duk abin da aka ce, kada a karya mata zuciya. Likitar ta yarda a fara a hankali, ban da tsalle, ban da ɗagawa.

Kafin sati ya zagayo Madam Renaud ta sa Corbin ya fara ɗaga ta.

Duk Asabar matan gidan kan taru a wurin Kaka Aili, uwar Lorna, su shiga ɗakin wankan zufa da ke bayan gida. Asabar ta farko Annika ta ce tana al'ada, aka ƙyale ta. Ta biyu ta ce kanta ke ciwo. Ta uku tsohuwar ta ce ba a taɓa yin ciwon kan da ya fi ƙarfin tururi ba, ta tasa ƙeyarta. Yarinyar ta shiga naɗe da tawul, ta zauna a bencin ƙasa. Kaka Aili ta watsa ruwa a kan duwatsu masu zafi, ta sake watsawa, zafi ya turnuƙe. Jiri ya ɗebi Annika, ta miƙe za ta fita, tawul ya zame.

A cikin cinyarta akwai filasta, tururi ya ɗaye gefenta. Ƙarƙashinta yanka ne a jere, wasu sun fara warkewa.

Lorna ta bi ta ɗakin canza kaya ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya ko wannan ne jinin da ta gani a zane, da wanda ta riƙa gani a kwandon shara. Annika ta ce shi ne. Ta tambaya wa ya koya mata, yarinyar ta ce ai ba asiri ba ne, manyan 'yan matan filin duk sun san dabarar. Daga nan ta kama hannun uwar da hannu biyu.

“Mama, don Allah. Saura kaɗan a tura sunaye. Ki bar ni na yi gasar nan kawai. Bayan ta duk abin da kika dafa zan ci, ko tukunya guda ce.”

Rabon da ta riƙe mata hannu haka Lorna ta manta. Hannun sanyi ƙalau yake, a cikin ɗakin da bango ma ke zufa.

Ba ta yi barcin kirki ba har Litinin. Niyyarta ta samu Madam Renaud a ofis su yi magana su biyu, a ce ƙafar ce ta tashi, a rufa wa yarinyar asiri. Amma ta tarar da kocin tsaye a bakin fili, hannu a aljihun doguwar rigar sanyi, ta ce ba ta barin yara a kan ƙanƙara don hira, in da magana a yi ta nan. Iyaye mata suna zaune a bencina na sama, an lulluɓe gwiwa da bargo, kowa da kofin kofi.

Lorna ta rage murya ta faɗa mata abin da ta gani. Matar ba ta ko juyo ba. Ta tambaya likita ta yarda ko ba ta yarda ba. Lorna ta ce ta yarda, amma a kan ƙarya.

“To ba ni na yi ƙaryar ba, Madam Heikkinen, kuma ba ni na kira asibiti ina roƙo ba. Tunda nake aikin nan, duk yarinyar da ta taɓa ciyo mini lamba ba ta ganin wata lokacin gasa. Daga baya duk sun yi aure sun haihu. Ki je ki zauna, kina tare mini gani.”

A daidai lokacin kiɗa ya tashi. Corbin ya kama ƙugun Annika ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya, suna tafe da gudu. Lorna ta ga ƙugun nan da aka nuna mata a hoto yana can sama da kan mutum, ƙasa kuwa babu komai sai ƙanƙara. Ta ga hannun yaron ya ɗan girgiza.

“Sauke ta, Corbin,” ta ce da ƙarfi. “Sauke mini 'yata. Al'adarta ba ta dawo ba, yanka kanta ta yi.”

Filin zamiya ba ya riƙe magana. Ta bugi bango ta dawo, ta hau har bencin ƙarshe. Wani ya kashe kiɗan. Corbin ya sauke Annika a hankali, ya janye hannunsa, ya goge a wando. Yarinyar ta tsaya a tsakiyar fili ita kaɗai, sannan ta zamo zuwa ƙofa, ta wuce uwarta kamar ta wuce ginshiƙi.

Darlene ta sauko tana girgiza kai, tana cewa Allah sarki, ita dama ta ga alama, yarinyar ba ta cika daidai ba. Uwar Piper ta jira har Lorna ta ɗauki jakar takalma, sannan ta matso ta dafa ta. Ta ce ta san ba lokacin maganar ba ne, amma rigar gasar da aka ɗinka wa Annika bara, mai ruwan toka, tunda launinta ya dace da ta Corbin kuma da wuya ta sake shigarta, ko za a duba a bar wa Piper.

Sunan Piper aka tura.

Labarin ya riga Annika isa makaranta. Ta buɗe akwatin ajiyarta ta tarar an cusa 'yan ledojin miyar tumatir ta ramin iska, da takarda wai ta ajiye don wata mai zuwa. A bas wasu suka riƙa tambayarta ko yau na gaske ne ko na kanti. Lorna ta je ta yi faɗa da shugaban makaranta, abin ya ƙara yaɗuwa.

Dokta Baptiste ba ta yi wa Lorna faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta haɗa yarinyar da mai ba da shawara, ta ce a kwashe reza da almakashi daga gidan, kuma a riƙa duba jikinta har a tabbata ta daina. Lorna ta yi. Kowace yamma bayan wanka takan ƙwanƙwasa, Annika ta tsaya tana kallon bango, uwar ta duba hannu, ta duba ciki, ta duba cinya, ta ce na gode, ta fita.

Tun daga ranar filin Annika ba ta sake ce mata Mama ba. Lorna take kiranta, kamar yadda tsofaffin wurin aiki ke yi. Ta daina ɓoye abinci, ta daina kuka. Takan zauna ta cinye duk abin da aka zuba tana kallon idon uwar, ta miƙo farantin ta ce ko akwai sauran abin da za a ɗura mata. Ranar da Corbin da Piper suka ciyo lamba ta biyu a gasar lardi, ita ta buɗe hoton a waya ta ajiye kusa da kofin Lorna, ta ci gaba da tauna. Rigar ruwan tokan nan ce a jikin Piper, an rage mata ƙugu.

Sanyi ya yi tsawo. A cikinsa gashin Annika ya daina zuba a bahon wanka. Wandunanta suka matse, Lorna ta sayo wasu ta yanke lambar girman kafin ta ba ta. Wata rana wajen miƙa mata kofi yatsunsu suka haɗu, Lorna ta ji ɗumi, ta shiga ɗakin ajiya ta tsaya a cikin gwangwanaye har fuskarta ta koma daidai.

Ƙanƙarar tafki ta fara fashewa lokacin da suka koma asibiti. Dokta Baptiste ta duba sakamakon jinin da aka ɗiba, ta cire tabarau, ta yi murmushi. Ta ce wannan karon ba sai an gaya mata ba, awo ya nuna jikin ya farka, kuma zuwan jini sau biyu a jere ba ƙaramin abu ba ne. Ta juya ta ce wa Lorna lallai ta sha murna.

Lorna ta dubi 'yarta. Annika tana kallon takalminta. Ashe tun watan jiya jinin ya zo. Ma'aikaciyar jinyar makaranta ce ta ba ta auduga, a makaranta take zubarwa, mai ba ta shawara ta sani, likita ta sani. Lorna ta ce eh, ta yi murna ƙwarai.

A mota ta daɗe riƙe da makulli ba ta tayar ba. Ta tambaya me ya sa ba a gaya mata ba.

“Da na gaya miki, Lorna, me za ki fara dubawa?”

Lorna ta san amsar, yarinyar ma ta sani. Ta so ta ce ko yau aka mayar da ita bakin filin nan abin da za ta yi ke nan, ta so ta ce ƙashi ba ya jiran gasa. Maimakon haka ta tambaya ko marar tana ciwo. Annika ta ce tana yi, kuma ba ta buƙatar komai.

Dama likita ta ce nan da wata ɗaya za ta iya komawa kan ƙanƙara, in tana so. Lorna ta tayar da mota ta tuna mata da hakan. Yarinyar ta jingina kai da gilashi, ta tambaya wurin wa za ta koma.