Ƙanƙarar Watari

Ranar da ƙungiyar manoman rani ta Watari ta samu kwamfutar tebur daga wani shirin tallafi, sakatarenta Malam Kamaruddeen har sabuwar hula ya ɗinka. Shi kaɗai ya taɓa zama gaban irinta, a wani kwas da ya yi a Kano, kuma ba ya gajiya da tuna wa mutane hakan.

A cikinta akwai manhajar hasashen yanayi, wadda ba ta cewa uffan sai an gaya mata garin da ake. Ya rubuta Watari da yatsa ɗaya. Sunan ya fito, da wasu lambobi da haruffan JP a gefensa.

"Kun gani? Har Turawa sun san da zamanmu," in ji shi.

Hadi, mijin ƙanwarsa Luba, mai gonar tumatir a bakin dam, ya leƙo. "Yaya, wannan JP ɗin fa?"

"Lambar gwamnati ce. Ba fanninka ba ne."

Injin ya ce akwai sanyi, ana kuwa cikin sanyi, sai kowa ya sallama masa. Wata safiya Kamaruddeen ya ga hoton gajimare yana zubar da fararen ɗigo. Bayan azahar ya tara manoma, ya ce ƙanƙara na tafe jibi, duk wanda ya bar tumatir a gona ya kuka da kansa.

Aka faɗa gonaki ana tsinka, nunanne da ɗanye. Hadi ya kwashe nasa kore shar. Dillalai suka zo, suka duba kwanduna, suka taɓe baki suka wuce.

Jibi ta zo da rana tarwai. Gata ma haka.

Kamaruddeen ya kulle kansa a ofis, ya danna taswira. Sai ga teku shuɗi iya ganinsa, da wani rubutu mai kama da sawun kaji. Ashe akwai wani Watari a ƙasar Japan, kuma can ake ƙanƙarar. Ya nemi nasu Watarin sama da ƙasa, manhajar ba ta ma san da shi ba. A hankali ya zaɓi filin jirgin saman Kano a madadin Watari, ya goge fuska, ya buɗe ƙofa.

Manoma na tsaye, babu mai fara'a. Kafin wani ya buɗe baki, Kamaruddeen ya ɗaga hannuwa sama.

"Alhamdulillahi! Roƙon da na duƙufa yi ya karɓu. Ƙanƙarar ta karkata gabas."

"Gabas ina?" Hadi ya tambaya.

"Can da nisa."

A wannan kam bai yi ƙarya ba. Dattawa suka shafa fatiha, aka watse ana cewa sakatare yana da baiwa. Da zaɓe ya zo, ya koma kujerarsa babu hamayya. Luba kaɗai ce ta daina gaishe shi, don ita ta yi ta fama da miyar ɗanyen tumatir har ƙarshen rani.